Bayan Kuluwa

Fitilar Ma'aunin Shaƙuwa ta koma ja, na'urar ta karanto hukunci da muryarta mai sanyi: "Maki goma sha tara cikin ɗari. Babu shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa."

Dakta Asabe Makarfi ta dubi ɗakin gwaji ta cikin gilashi. Kuluwa, matar wani makanikin jiragen sama marasa matuƙi, tana tsaye da ɗanta mai wata goma sha ɗaya. A dokar Sabuwar Gaya ta shekarar 2094, duk yaron da bai kai maki talatin ba, Gidan Raino ake kai shi, butum-butumi su ci gaba da renonsa.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Ana sa uwa da ɗa a ɗaki, baƙo ya shigo, uwa ta fita, bayan minti uku ta dawo. Kyamarori arba'in suna ƙirga kallon ido, da kiran suna, da runguma, wani ɗan faifai a ƙirjin yaro yana auna bugun zuciyarsa. Kuma na'urar ta yi amfani, wannan ba a musu. A watanta na farko ta gano yara bakwai da ake wulaƙantawa a ɓoye. Tun daga nan manyan Cibiyar gwajin suka daina duba komai, suka koma sa hannu kawai.

"Kawo in sa hannu, layi ya yi tsawo," in ji Farfesa, shugaban Cibiyar.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar."

"Dakta, shekara goma muka yi muna gina abin nan. Ke za ki gyara shi a minti biyar?"

"Ba gyara zan yi ba, kallo zan yi. An daɗe ba wanda ya yi."

Ta maido hoton bidiyon baya. Ga Kuluwa ta dawo ɗaki, yaro na tsala kuka. Ba ta dube shi ba, ba ta kira shi ba. Ta saci kallon gilashi, ta sunkuyar da kai, sannan ta juya ta durƙusa. A daidai nan na'urar ta rubuta "ƙin yaro", ta daina ƙirge. Amma faifan ƙirji bai daina aiki ba. Asabe ta buɗe layinsa, ta ga bugun zuciyar ya fara sauka tun kafin yaron ya taɓa uwarsa. Ya rarrafo, ya kama zane, ya haye, ya kwantar da kumatu tsakanin kafaɗunta. Kuka ya ɗauke.

Asabe ta shiga ɗakin. "Kuluwa, me ya hana ki ɗauke shi?"

"Ai na ɗauke shi, Likita. Ga shi nan a baya."

"Ina nufin ki rungume shi, ki kira sunansa."

Kuluwa ta rufe baki da gefen mayafi. "Ɗan fari ne fa. Ga babban mutum sa'an babana zaune yana kallo. Da wane ido?"

"In ba kowa fa?"

"In ba kowa, ni da wannan mu muka san tsakaninmu. Da gaske za a karɓe shi?"

"Ɗaure goyonki da kyau, gida za ku."

Farfesa ya daɗe yana kallon layin zuciyar. Can ya cire tabarau ya goge. "Ni ma ɗan fari ne. Har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba." Ya yage takardar. "Yara nawa muka tura Gidan Raino?"

Asabe ta bincika. Sha ɗaya, ban da bakwai ɗin farko, kuma tara daga ciki 'ya'yan fari ne. Sai da ta ga babu wanda ya wuce sati uku a can sannan ta iya sauke numfashi. Ta sallami masu layi, ta kira Gidan Raino ta ce a tanadi motoci.

"To, Dakta," in ji akawun can, "fom ɗin yana neman dalilin mayarwa. Me zan sa?"

Ta tagar bene Asabe ta hango Kuluwa tana tsallaka titin jiragen, ɗan kan yaron yana lilo a bayanta.

"Rubuta cewa mun kafa kyamara arba'in, duk muka sa su kallon fuska."