Maharbi da 'Ya'yan Kwankwani

A can wani zamani an yi wani maharbi wanda dafi ba ya cinsa. Shi ya faɗa da bakinsa.

Wata rana ya daka 'ya'yan kwankwani don haɗa dafin kibiya. Matarsa ta kawo tuwo, ta ce, "Maigida, ga ruwan wanke hannu."

Ya ce, "Dafi ba ya cina." Ya ci, har ya suɗe yatsu.

Kafin la'asar zuciyarsa ta rikice. Ta buga biyu ta tsaya, ta buga uku a guje, ta sake tsayawa. Aka kira tsohuwa mai magani. Ta kara kunne a ƙirjinsa, ta ce, "Ɗan nan, me ka taɓa?"

Ya dubi maƙwabtan da suka cika ɗakin. Ya ce, "Dafi ba ya cina."

"Madalla, ashe lafiyarka lau." Ta ɗauki sandarta.

Zuciyar ta sake tsayawa, wannan karon ta ɗan jima.

"Iya, dawo! Kwankwani ne, ban wanke hannu ba!"

Da ƙyar aka ceto shi. Har ya tsufa yana cewa dafi ba ya cinsa. Amma duk garin babu mai wanke hannu kamarsa.