Gashin Mujiya a Hular Togjan

A dutsen Karatas Togjan ta fara ganin Sanjar. Tana rataye da igiya tana sa wa 'ya'yan mujiya zobe a ƙafa, shi kuma yana kan doki a ƙasa, ya ɗaga kai ya saki baki.

"Malam, me kake nema a nan?"

"Goɗiyata ce ta ɓata."

"Goɗiya ba ta hawa dutse. Yi gaba."

Aikinta ke nan, bin sheƙar manyan mujiyoyi tana aika wa masu bincike rahoto a birnin Almati. Duk namijin da ta gani kusa da sheƙa ɓarawo take ɗaukarsa, kuma ban ga laifinta ba. A wurinmu ba a baikon mace sai dangin miji sun soka mata gashin mujiya a hula, shi ya sa ake sace 'ya'yan ana figewa.

Goɗiyar nan ta yi ta ɓata kullum har ya samu lambar wayarta.

Da magana ta kai kunnen mahaifinta Kairbek, sai ya haɗe rai. "Makiyayin dawakin mutane? Ga Dauren mai shago yana bin ki. To ki ji, ba gashin mujiya, ba baiko. Haka aka yi wa uwarki."

"Baba, wanda ya fige min tsuntsu, ko shi kaɗai ya rage a duniya ba na aurensa."

Da rani ɗa guda ya ɓata daga sheƙar Karatas. Dauren ne ya tare ta a hanya.

"Ƙanwata, ba gulma ba, je ki duba sawun dokin mutuminki."

Ta je, ta gani. Ta rubuta masa: "Sanjar, an ɗauke ɗa ɗaya. Sawun dokinka na nan. Kai ne?"

Ya amsa: "Rabin raina, na je wurin, amma ban taɓa shi ba. Iyayena na zuwa ranar Juma'a, ki duba da idonki."

Ta jefa wayar a aljihu.

Ranar Juma'a aka zauna, aka zuba shayi da madara. Mahaifiyar Sanjar ta kwance ƙyalle, ga gashin mujiya dami guda. Togjan ta zaro gilashin da take duba tsuntsaye da shi, ta ja ƙyallen gabanta.

Uwarta ta ce, "Ke, a gaban baƙi?"

"Inna, bari."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Gashin da aka fige da ƙarfi jini da fata kan biyo gindinsa. Wanda tsuntsu ya zubar da kansa gindinsa a bushe yake, bakinsa rana ta cinye. Har shayi ya huce. Ta ajiye na ƙarshe.

"Duk zubar da su aka yi."

Sanjar ya share zufa. "Wata biyu ina rarrafe a gindin duwatsu kamar kaza."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kin hana kowa zuwa wurin, mujiyata. Kuma in abokaina suka ji fa?"

Ta sunkuyar da kai, dariya na cin ta.

Kairbek ya juya gashi ɗaya a hannu. "Tsintuwa. Duk ya koɗe."

Mahaifiyar Sanjar ta fara naɗe ƙyallen. "To mu koma da shi, suruki."

"Wa ya ce ki koma da shi? Soka mata."

Ba a ga ɗan mujiyar nan ba. Na dai ga gashi sabo fil a shagon Dauren da kaka, amma ba ni da shaida.

An ɗaura aure bayan an sauko da garke daga tudu. Kairbek ya buɗe tafin hannu da kansa, ya yi addu'a: "Allah ya haɗa kanku, ya cika muku gida. Kai kuma Sanjar, ta bincika ka ta sake ka. Allah ya ba ka haƙurin saura."