Dariyar Baba Daga Nesa

"Wannan za ki ɗauka."

"Ba zan ɗauka ba! Kai dai so kake ka karya min wuya."

Gilasan kyamara biyu ne a kan kanta, duka dogaye, irin waɗanda ake murɗawa su janyo abin da ke nesa ya zo gaban ido. Ɗaya siriri, mara nauyi. Ɗayan kuwa jibgege kamar taɓarya. Dogo, mai shagon kayan hoto, ya dafa babban, Auta kuma ta rungume ƙaramin kamar za a ƙwace mata.

"To faɗa min me za ki ɗauka," ya ce. "Tsuntsaye? 'Yan ƙwallo? In dai da rana tsaka ne, ƙaramin ya ishe ki, har ya fi cin nisa. In kuwa da yamma ne, haske ya ja baya, sai babban. Bakinsa ya fi faɗi, ya fi shan haske, kuma yana danne rawar hannu."

"Ni hannuna ba ya rawa."

"Ranar da na fara ce miki ina sonki fa?"

"Sanyi ake yi ranar!"

"Da fanka a kashe, gumi na zuba?"

Ta harare shi, dariya na neman ƙwace mata. Sai kuma fuskarta ta sauya. Ta sunkuyar da kai tana shafa gilashin da yatsa.

"Baba zan ɗauka..."

Murmushin Dogo ya ɗauke.

Bari in gaya muku waye Baba, don ku gane dalili. Mai Hoto ake ce masa, kuma sunan ya bi shi. Babu gidan da ba a rataye aikinsa ba a unguwar: amare, jarirai, 'yan makaranta da haƙoransu a waje. A hannunsa Auta ta koyi sana'a, ita ce ta gaje shagonsa. Abin mamaki, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bayan kyamara ba shi da hoto ko ɗaya na kirki. Kullum cewa yake, "Gobe, gobe." Kafin goben ta zo, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riga ta. Ƙafa ta ƙi, hannun hagu ya ƙi, baki ya karkace.

Tun daga nan Baba ya rufe ƙofa. Ya sa aka cire madubin ɗakinsa. Abokai su zo dubiya, ya ce a ce yana barci. Da Umma ta kawo masa maganar cewa manyan Dogo na son zuwa, tawul ya ja ya rufe fuskarsa.

"Ba zan... karɓi surukai... da wannan fuskar ba."

Magana ta tsaya a nan. Dogo na jira, Auta na jira, jikin Baba kuma ba ƙaruwa yake ba.

"Yana dariya, Dogo," ta ce a hankali. "Wallahi yana yi. Da yamma, in Umma ta fito da shi tsakar gida tana gyara masa gemu, ina jiyo su daga ɗaki. Da na leƙo sai ya ja tawul. In na samu dariyar nan a hoto, na nuna masa... zai ga har yanzu shi ne. Zai yarda a gan shi."

"Daga ina za ki ɗauka?"

"Tagar ɗakin sama."

"To babban, zuciyata. Ki sa masa hularsa kuma." Ya ɗago wata baƙar roba mai kama da kofi, wadda ake maƙalawa a bakin gilashi ta tare rana.

"Babban ga nauyi, ga hula kuma? Ai kafin in leƙo da shi ya hango ni. Ƙaramin zan ɗauka, kuma ba hula."

"Auta..."

"'Yar Mai Hoto ce ni. Kai sayarwa kake, mu ɗauka muke."

Ya ɗaga hannaye sama. "Na sallama. Amma ki sani, babban na nan a ajiye, kamar yadda ni ma nake a ajiye."

Ta ɗauki jakarta da sauri don kada ya ga idonta.

Akwai abin da ba ta faɗa ba, shi ma ya sani bai faɗa ba. Baba ya tsani dogon gilashi. Gilashin ɓarayi yake ce masa. Tun tana ƙarama yake nanata mata, "Da ƙafa ake janyo hoto. Ki taka ki je wurin mutum, ki gaishe shi, ki tambayi iyalinsa, sannan ki danna. Wanda ya laɓe daga nesa, sata ya yi."

Yammar ranar ta hau ɗakin sama, inda tsofaffin fitilu da labulayen shago suke jibge cikin ƙura. Ta durƙusa a bakin taga, ta buɗe ta kaɗan.

Can ƙarshen tsakar gida, Baba na kan kujerarsa, bayansa ga rana. Umma na tsaye a kansa da ƙaramin almakashi.

"Tsaya mana, Mai Hoto! Kai da kake ce wa mutane kar su motsa, kai ne sarkin mutsu-mutsu."

"Kin... yanke min kunne."

"Kunnen da ba ya jin magana? Ai ba asara."

Auta ta ɗora ido, ta murɗa gilashin. Tsakar gidan ta taho, ta taho, har fuskar Baba ta cika mata ido.

Wayyo! Rabonta da ganin fuskar nan kusa haka tun kafin ciwon. Ta ga yadda kumatunsa suka zurma. Ta ga furfurar da ta cinye girarsa. Ta ga Umma ta kai gefen mayafinta ta goge masa gefen baki, a fakaice, tana ci gaba da tsokanarsa kamar ba ta yi komai ba. Sai ga dariyar ta zo, rabi a sama rabi a ƙasa, amma idanun nan biyu duka suna yi.

Hannun da ba ya rawa ya kama rawa. Ta danna, ta sake dannawa, hawaye na cika mata ido. Da ta duba, duk hotunan sun fito dishi-dishi kamar an shafa musu ruwa.

Ta gyara zama, ta ƙara turo gilashin waje. A nan ne ranar yamma ta daki bakin gilashin, ya yi wal!

Dariyar ta ɗauke. Tsohon mai hoto ai ko a mafarki ya san ƙyallin gilashi. Tawul ya hau fuska.

"Auta! Sauko."

Ta sauko, ta durƙusa nesa da shi.

"Ni... kika laɓe wa?"

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Wa ya ba ki... gilashin ɓarayi?"

Umma ce ta amsa, tana kaɗe almakashi. "Wa kuwa zai ba ta? Yaron nan da ka shanya kamar wanki."

"A kira shi. Gobe... war haka."

Washegari Dogo ya zo, ya sha guga, yana zufa. Da jaka a kafaɗarsa, don Auta ta gaya masa komai a waya tana kuka, shi kuma ya ce in dai faɗa za a yi masa, gara a yi masa a kan gilashin da ya zaɓa da kansa. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya tsuguna. Tsawon nan nasa duk ya naɗe shi wuri ɗaya.

"Barka da yamma, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

Daga bayan tawul murya ta fito. "Kai ne... mai koya wa 'yata sata?"

"Ni ne na ba ta, Baba. Laifina ne."

"Ba hula... ka bar ta ta fuskanci rana? Wane irin... mai shago ne kai?"

Dogo ya saci kallon Auta. Ta zaro masa ido.

"Sakacina ne, Baba."

"Ƙarya yake!" Auta ta fashe. "Ya ba ni, ni na ƙi. Har babban ya ce in ɗauka, na yi taurin kai."

"Na sani," in ji Baba. "Ni na haife ki." Tawul ɗin ya ɗan motsa, ido ɗaya ya leƙo. "Mene ne... a jakar?"

Dogo ya ciro babban gilashin, ya ɗaura shi a kyamarar Auta, ya maƙala masa hularsa.

"Baba, ku gafarce ni in na yi rashin kunya. Gaskiyarku ce, da ƙafa ake janyo hoto. Amma wani lokaci ƙafar ce ba ta da hanya. Auta ba sata ta zo yi ba. Ƙofa ta samu a rufe, shi ne ta bi ta taga."

Umma, da ta ga abin zai yi nauyi, ta ɗauki bokitin wanki ta nufi igiya can ƙarshen gida, tana cewa ita ba ruwanta da shari'ar masu hoto.

"Kawo... in ga abin da ake yayi."

Baba ya miƙa hannun dama. Nauyin ya rinjaye shi nan take, kyamarar ta yi ƙasa. Kafin ta kai, Dogo ya tare. Bai ce komai ba, ya juya ya durƙusa a gaban kujerar, ya ɗora dogon gilashin a kan kafaɗarsa, ya tallafe shi da hannu.

"Ku leƙa, Baba. Ni ne ƙafafun kyamarar."

To, ba a leƙa kyamara da tawul a fuska. Baba ya kai hannu ga tawul ɗin. Sannan ya ja shi, ya faɗi a cinyarsa.

Ya ɗora ido. "Murɗa... ƙara... tsaya!"

Auta ta ga yatsansa ya nemo maɓalli da kansa, kamar jiya ya ajiye sana'ar. Can nesa Umma na shanya, da abin maƙale kaya a baki, ranar yamma ta zuba a gefen fuskarta.

"Ikon Allah," Baba ya ce a hankali. "Tun da na kwanta... in ta yi nisa haka, inuwa kawai nake gani. Ashe har yanzu... ɗan tabon nan na haɓarta yana nan." Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Ke! Mai wanki! Kar ki motsa!"

Umma ta juyo, ta riƙe ƙugu. "Yau kuma ni ake laɓe wa? Wa ya ce gilashin ɓarayi ne?"

"Ai kin daɗe... da sace ni. Ramuwa nake."

Ƙyas! Ya danna. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ake yi har kafaɗa na girgiza.

Auta ta miƙe a hankali. Ta shiga ɗaki, ta ɗauko tsohuwar kyamarar Baba mai guntun gilashi, wadda ya koya mata aiki da ita. Ta tako da ƙafarta har gabansa. Ta durƙusa.

"Barka da yamma, Mai Hoto. Ya iyali?"

Ya ɗago daga kyamara ya dube ta. Hannunsa ya tafi wajen tawul... ya tsaya a kai. Idanunsa suka cika.

"Iyali... lafiya lau. Ga su nan... har sun ƙaru."

"In ɗauka?"

"Matso ta hagu. Haske... ya fi kyau."

Ta hagu, ɓangaren da ya karkace. Ta matsa. Hannunta ya yi rawa, ta bari ya gama rawarsa, ta riƙe numfashi kamar yadda ya koya mata, ta danna.

Da ta nuna masa, ya daɗe yana kallo. Ga shi nan da rabin dariyarsa, ga dogon gilashi, ga kunnen Dogo da gefen kansa sun shigo ta ƙasa.

"Wannan tsohon... ba laifi," ya ce. "Amma kin yanke wa yaron nan kai. A sake."

"Baba, kafaɗata..." in ji Dogo cikin ƙaramar murya.

"Yi shiru! Tun ɗazu... ko motsi ba ka yi ba. Ina lura." Ya sauke hannunsa mai lafiya a kan Dogo, ya bar shi a nan. "Ka ce wa manyanka... su zo. Da yamma. Lokacin haske ya fi yi min adalci."

Auta ta kifa kanta a gwiwar Baba tana kuka, Umma na daga nesa tana share nata hawayen da rigar da ta zo shanyawa.

An yi biki Baba na zaune a gaba, ba tawul, yana ta gyara wa masu ɗaukar hoto tsayuwa har suka gaji da shi. Bai ga jikansa na fari ba, Allah ya jiƙansa. Amma in kun shiga falon Auta, hotuna biyu ne a bango, kafaɗa da kafaɗa: mace da abin maƙale kaya a baki tana harara daga nesa, da tsoho mai rabin dariya, daga kusa.

Babban gilashin kuwa yana wurinta. Har yau in za ta fita da shi, Dogo kan biyo ta ƙofa da baƙar robar nan a hannu.

"Hularki, 'yar Mai Hoto."

Ta karɓa, ba musu.