Satar Ɓeraye Masu Ƙiba

Ranar Litinin da safe Nafisa ta buɗe ɗakin gwaji na jami'ar da take karatu a Katsina, ta tarar kejin ɓerayenta wayam. Ɓeraye ne matasa da ta ɗura wa kitse da sukari har ciwon suga ya fara kama su, tana auna ko suna iya tuna hanyar abinci cikin wani akwati mai lungu-lungu. Digirinta kaf a kansu ya rataya.

Sufeto Dabo ya duba ƙofa, ba a ɓalle kwaɗo ba. Ramammun ɓerayen ɗaya kejin, waɗanda ba a ɗura wa kitse ba, na nan, har an cika musu ruwa. Masu ƙibar ne babu, da akwatin. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Mutum uku ke da makulli ban da Nafisa. Ya fara da Bala mai gadi.

"Yallaɓai, in saci ɓera? Na ɗakina ma kyauta nake neman mai ɗauka. Suna raye dai ko?"

Sai Sammani, ɗalibin da suka yi cacar baki da Nafisa kan keji.

"Mun yi faɗa, gaskiya ne. Amma Juma'a na tafi Funtuwa biki, ga hotuna. Suna da rai kuwa?"

Ta uku Hajiya Safara'u, shugabar ma'aikatan ɗakin, mace mai kamun kai. Suka gaisa, ta amsa komai tsaf. Dabo ya raka ta har mota, ya leƙa kujerar baya, sai ga garin katako irin wanda ake shimfiɗa wa ɓeraye.

"Hajiya, mu je gida."

A gidanta da ke Ƙofar Sauri, bayan kicin, ga ɓerayen cikin wani keji, ga akwati, ga ganyen zogale an zuba musu. Wani yaro mai jiki yana zaune a tabarma da littafi, yana haki.

"Mai mugunta kashewa zai yi," in ji Dabo. "Mai neman na cefane ba zai ɗauki akwati ba, balle ya tsaya ba na baya ruwa. Wanda ya ɗauka gwaji yake so ya yi. Kuma kowa ya tambaye ni ko suna raye, ban da ke."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ɗana ne, Sadiq. Ni na yi mishi haka. Lemon kwalba, kek, soyayye, in ya ƙi ci in yi fushi, don kada a ce ɗan Safara'u ya rame. Likita ya ce suga. Yaron da ya haddace izu goma, yanzu a aike shi kanti ya manta saƙo. Kullum ina kallon ɓerayen nan suna ɓata hanya. Na ce bari in canza musu abinci, in gani ko hankalin na dawowa."

"Mi ya hana ki tambaya?"

"Da wane bakin?"

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Babba da furfura ta zaɓi sata a kan tambaya, ga inda ta kai ta.

Ta juyo wajen Nafisa da ta biyo su, ba ta iya ɗaga ido ba.

"Ɗiyata, don Allah, hankalin yana dawowa?"

Nafisa ta dubi zogalen, ta dubi yaron.

"Ban sani ba, Hajiya. Shi ne abin da za mu fara aunawa wata mai zuwa. Yanzu an gauraya musu abinci, sai an sake daga farko."