Ƙwaryar Tsamin Hajiya Ummuhani

A shekarar da sojoji suka yi bore a Bangui, motocin Kamaru suka daina shigowa, burodi ya yi ɓatan dabo a unguwar Kilomita Biyar. Ana cikin haka Hajiya Ummuhani mai alkaki ta faɗo komiseriya, ofishin 'yan sanda, da hantsi, ɗankwali a karkace.

"Sufeto, an kashe ni! Buhun alkamar garar 'yata Hanifa, da tsamina! Biki jibi Juma'a!"

Sufeto Abdulganiyu ya bi ta a ƙafa, don motar ofis ta kwana tara ba mai. Duk unguwa an san tsamin nan da take kwaɓa alkakinta da shi. Uwarta ce ta zo da shi daga Damagaram, kuma sai dai ka ci alkakin, ba a ba da tsamin ko da yatsa.

A madafi suka tarar da Zulai, aminiyarta ta shekara talatin, tana sharɓar hawaye.

"Sojoji ne, ranka ya daɗe. Jiya da la'asar da harbi ya kaure, Yaya ta gudu gidan ɗanta. Na hango su ta taga, su uku."

Sufeto ya duba. Rediyo na nan, keken ɗinki na nan. Ya ɗaga faifan da ke kan ƙwaryar tsami. An kwashe, amma an rage ɗan curi kamar ƙwan zabo, an barbaɗa masa gari, an rufe da kyau.

Shi kuwa ɗan mai alkaki ne. Ya san mai sana'ar nan ba ta kashe tsami, ko na maƙiyiyarta ne, sai ta bar iri. Soja ina ya san wannan?

Ya tsallaka shagon Sha'aibu da ke kallon gidan.

"Ina kake jiya da la'asar?"

"Masallacin Koudoukou, Sufeto."

"Masallacin da liman ya kulle tun azahar? Ko in tambayi uwargidanka?"

Sha'aibu ya share gumi. Ashe a zauren Amariya bazawara, daura da gidan Hajiya, ya laɓe, wadda ya daɗe yana cewa rancen gishiri ke kai shi gidanta.

"Ka rufa min asiri. Soja kam ban gani ba. Mace na gani da lulluɓi tana tura amalanke. Kuma da makulli ta buɗe ƙofar."

Da azahar Sufeto ya yi sallama gidan Zulai, Hajiya Ummuhani na biye. Tsakar ɗaki an ɗaure kaya ƙunshi-ƙunshi.

"Tafiya za a yi?"

"Wanki ne kawai."

"Har da tukwane?"

Ya ja kujera ya zauna, ya ce a ba shi ruwa. Ya sha a hankali, yana ta zancen tsadar rogo. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi. Can sai wani murfi ya yi ƙwas a cikin ƙunshin da ke bayan ƙofa, farin ƙulli ya fara tsattsafowa ta jikin zane. Ɗakin ya game da ƙamshin da Ummuhani ta sani tun tana goye.

Ta dafe ƙirji. "Zulai? Ke da na ba makullin ɗakina?"

"Alkamar na ƙarƙashin gado," in ji Zulai. Hawayen safe sun ƙafe. "Akwai motar da za ta fita Garwa gobe. Can na so in kafa tawa sana'ar."

"Da kin roƙe ni!"

"Sau uku na roƙa, Yaya. Kika ce tsami na jini ne, Hanifa za ta gada, yarinyar da ko cincin ba ta iya ba. Shekara takwas yatsunki ba sa lanƙwasuwa. Ni ke kwaɓawa, ni ke naɗewa, ni mai ke ƙonawa. A gidan biki sai a ce kai, hannun Hajiya Ummuhani! Ko rana ɗaya kin taɓa cewa na Zulai ne?"

"To don me kika rage mata iri?" Sufeto ya tambaya.

Ta dube shi kamar ya yi saɓo. "Ni ɓarauniya ce, ba makashiya ba."

Ya tasa ta gaba suka fita, mata sun cika lungu ana leƙe ta saman katanga. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Da Sufeto ya dawo da buhun da la'asar sakaliya, ya tarar da Hajiya Ummuhani zaune gaban akushi. Ta gutsuri ƙulli tana so ta naɗe, yana zamewa daga yatsunta yana faɗuwa. Ta sake ɗauka, ya sake faɗuwa.

"Sufeto," ta ce ba ta ɗago ba, "in na janye ƙara, kana ganin za ta zo?"