Kifin Ranar Talata

A Elmina ko yaron goye ya san ba a shiga teku ranar Talata. Opoku ne kaɗai bai sani ba, shi ya sa ya taso daga Kumasi ranar Talata don ya ci kifi sabon kamu. Ƙanin matar Sufeto Kobina Arhin ne, Sufeto kuwa ya fi tsoron matarsa a kan kwamishina, sai ya ajiye hula ya zama ɗan rakiya.

Suna kan gada Opoku yana ɗaukar hoton jiragen masunta, sai ga Baba Ansa, tsohon masunci, yana haki.

"Sufeto, an kwance mini injin jirgi! Zo, za su kashe Ekow!"

A bakin teku suka tarar an riƙe wani saurayi, shi ne Ekow ɗin. Mai riƙon wuyan rigarsa Bentsil ne, dogarin sarkin masunta, wanda aikinsa shi ne tsare gaɓa ranar Talata kada wani ya taɓa ruwa.

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Bentsil. "Baba ya kore shi daga aiki, ya rama. Yau sarki zai haramta masa teku har abada."

Sufeto ya dubi Ekow. "Ina kake da safe?"

"Coci."

"Ranar Talata? Kai ko Lahadi sai an jawo ka."

Ekow ya sunkuyar da kai. "Ina wurin Esi, ina taya ta bandar kifi."

"Wace Esi?" Baba Ansa ya zabura. "'Yata?"

"Baba, sata ɗaya-ɗaya ake bincike," in ji Sufeto.

Ya bi jerin jiragen da aka jawo kan yashi yana shafa cikinsu. Duk sun bushe ƙarau, sai wani ƙarami a ƙarshen layi da ya jiƙa masa hannu.

"Na waye wannan?"

"Nawa ne," in ji Bentsil. "Wanke shi na yi."

"Allah Ya ƙara tsabta."

"Mijin Yaya," in ji Opoku, "in ban ci abinci ba, zan kira ta."

Wannan barazana ta fi ƙarfin bincike. Suka nufi rumfar Mama Araba. Sufeto ya gargaɗi Opoku cewa yau sai dai busasshe, amma abin da aka ajiye musu jan kifi ne gasasshe, tsokarsa fara tas tana ɓarewa da kanta. Sufeto ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu don tabbatarwa, sannan ya leƙa bayan rumfa. Sauran kifin na cikin daro, idanunsu garau kamar za su yi gaisuwa.

"Mama, na yaushe ne?"

"Na jiya ne, ɗana. A firji ya kwana."

"Wane firji? Unguwarmu ɗaya, tun Lahadi ba mu ga wuta ba. Matata ta zubar da miya, ni aka ba laifi."

Mama Araba ta goge hannu a zani, ta sake gogewa.

"Ni dai ban shiga ruwa ba. Bentsil ne ya kawo da hantsi."

Aka kira shi. Ya yi rantsuwa da kakanninsa har sai da Sufeto ya sa aka ɗaga tulin tsohuwar komar kamun kifi da ke bayan ɗakin gadinsa. Ga inji nan, gishirin teku bai gama bushewa a jikinsa ba.

Bentsil ya zauna daɓas a yashi.

"Ranka ya daɗe, kowace Talata ni kaɗai nake tsaye ina kallon kifi yana tsalle. Babu jirgi ko ɗaya, babu mai gani. Nawa injin ya mutu. Shi kifi bai san Talata ba!"

"Ɗakinmu na tsare ɓarayi ma bai san ta ba," in ji Sufeto, ya sa masa ankwa.

Baba Ansa ya rungume injinsa, sannan ya harari Ekow. "Gobe da asuba ka zo aiki. Gara kana teku inda nake ganinka."

Sufeto ya koma rumfa don ya kwashi kifin a matsayin shaida. Ya tarar da Opoku yana suɗar yatsa, ƙaya tuli a gabansa.

"Mijin Yaya, ashe gaskiya ne, kifin Elmina sabon kamu ne. Sati mai zuwa ma Talata zan zo."