Kujerar Tsakiya

"Don Allah ki canza min kujera, ba zan iya zama a nan ba."

Auta ce ke magana, tana tsaye a tsakiyar jirgi da jaka a kafaɗa, mutanen da ke bayanta sai tsaki suke yi. Ma'aikaciyar jirgin ta ba ta haƙuri, ta ce jirgi ya cika maƙil.

Dole ta zauna a tsakiya. Gwaggonta ta kame gefen taga, a bakin hanya kuwa Dogo ne, saurayin da ta rabu da shi bara.

Yayarta da ta haihu a ƙasar waje za su dubo, ita da Gwaggo. Duk jiragen duniya, a ce sai wannan ya shigo?

'Yar Gwaggo ce ta raba su. Hotonsa ta kawo, yana tsaye da wata mata, ta ce matarsa ce da ya ɓoye a waje. Gwaggo, wadda ita ta raini Auta, ta rantse ba zai ƙara taka mata gida ba. Auta ma ba ta saurare shi ba.

"Sahibata..." ya ce a hankali bayan jirgi ya tashi.

"Kar ka ƙara kirana haka."

Tafiya ta ƙi ƙarewa. Na gabanta ya kwantar da kujerarsa har kan gwiwarta, wani jariri yana ta canyara kuka, kunnuwanta suka toshe, sanyi ya ishe ta. Abincin da aka kawo ko gishiri babu. Gwaggo kuwa bini-bini sai banɗaki, kuma ba za ta yi wa Dogo magana ba, sai dai ta zunguri Auta ta ce a faɗa wa wancan ya tashi.

Da ƙafafun Auta suka kumbura, shi ya bar mata bakin hanya don ta miƙe su. Ta karɓa ba godiya.

A filin da za su canza jirgi aka ce sun kusa makara, ga ƙofar shiga ɗaya jirgin da nisa. Gwaggo ta kasa takawa. Dogo ya nemo keken guragu ya tura ta da gudu, tana ta mita wai so yake ya kayar da ita.

"Wadda kika gani a hoton ita za ta tarbe ni," ya ce wa Auta yana haki. "Ki tambaye ta da bakinki."

Ta kawar da kai.

Suka sauka a galabaice, aka nemi akwatinsu aka rasa. Auta na shirin fashewa da kuka sai ga matar hoton ta taho da sauri, ta kama kunnen Dogo tana cewa ƙaninta ya rame.

Ashe yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu ke jinya a wurinta, shi ya sa yake yawan zuwa. Da ta ji ko su wane ne, ta yi dariya ta ce ai ta san 'yar Gwaggo, yarinyar ta sha kiranta tana roƙon ta shawo mata kan Dogo.

Gwaggo ta rasa inda za ta sa idonta. Can ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, na zalunce ka. In mun koma ka turo manyanka."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

"Ka yafe min..."

"Na yafe, sahibata. Me kike so in yi miki?"

Ta share ido, ta harare shi. "Ka je ka nemo mana akwatinmu."

Akwatin bai bayyana ba sai bayan an sa musu ranar aure.